Fuskar Auta a Ɗaki Mai Taga Uku

Litinin, 6 ga Afrilu, 11:20 na safe

Babu labari.

Littafin awon yunifom ne wannan, na ɗinkin 'yan makaranta. Na juya shi ta baya ina rubutu, don in na ci gaba da magana ni kaɗai a kan keken ɗinki za a ce na taɓu.

Yanzu muka dawo daga wurin likitan ido. Idon Inna na dama ya tafi tun bara, wannan mun sani. Na hagun ne yau ya ce ciwon suga ya ci shi sosai. Na ce, "Likita, saura kwana nawa?" Ya ce shi ba Allah ba ne. Na ce na sani, ai ban ce shi ne ba, kwana nawa? Sai ya sunkuyar da kai ya ce in akwai abin da take son gani, a nuna mata yanzu.

A cikin adaidaita Inna ta kama hannuna ta ce, "Ke, fuskar Auta ta fara ɓace min." Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" nake tun ina goye. Ƙanena Lukman kuwa Auta ne, ko da ya yi gemu ya yi aure. Ta ce muryarsa na nan daram a kunnenta, amma in ta nemo fuskar sai ta babanmu ta fito.

Yau mako bakwai ba mu ji ɗuriyar Lukman ba.

Talata, 7 ga Afrilu, 2:00 na rana

Fure, matar Lukman, ta turo min bidiyo daga Bangi, gidan iyayenta inda take zaune yanzu. Daƙiƙa arba'in da bakwai. Yana wanke babur a ƙofar gidanmu na Bobi, tana ɗaukarsa, yana cewa ta daina. Can ƙarshe ya matso har fuskarsa ta cika wayar, ya ce, "Inna, zo ki ga abin da surukarki take min!" Ya yi dariya. Shi ke nan. Sauran hotunansa duk suna cikin wayarsa, wayar kuma tana inda yake.

Sau goma sha ɗaya na kalla a shago, har na ɗinka hannun riga a baibai.

Na kashe muryar, na kai wa Inna wayar har ta taɓa hancinta, na ce gwada idon nake yi. Ta ce haske kawai take gani. Ban gaya mata ko mene ne ba. Ba zan ce mata ga Auta ba, sannan ta duba ta kasa ganinsa.

Laraba, 8 ga Afrilu, 4:30 na yamma

Na aro talabijin ɗin maƙwabta. Aikin banza! Tagogin ɗakin ne suka fito raɗau a cikin gilashin, Lukman kuwa a tsakiya bai fi tafin hannuna ba. Na mayar musu kafin Inna ta shigo daga gindin mangwaro.

Babu labari.

Alhamis, 9 ga Afrilu, 1:15 na rana

Na je shagon Benjamin, bayan tasha. Ɗan Rijau ne, tare suka koyi aikin wayarin da Lukman a wurin oga ɗaya, kwano ɗaya suke ci. Da ya gan ni ya miƙe, ya buɗe baki zai tambaya, na girgiza kai, ya koma ya zauna.

Na ce majigi nake so, wanda zai sa fuskar mutum ta kai tsayin ƙofa. Ya ce wannan mai sauƙi ne, a saki labule kawai a kashe fitila. Na ce babu labule. Ya ce to a bari sai dare. Na ce da daddare ƙwan sola uku ke ci a ɗakin Inna har asuba, kuma daga la'asar idon nata ba ya ganin komai, sai da hantsi yake ɗan buɗewa.

Ya ce, "Anti Salihatu, majigi duhu yake so fa."

Na ce, "Inna kuma ba ta so. Sai ka san yadda za ka yi."

Taga uku ne a ɗakin, biyu gabas, ɗaya kudu. Ni da hannuna na cire labulayen ranar da aka kawo ta. Ƙofar ma da dutse muka tokare ta a buɗe. Ba na yi mata faɗa a kan haka, kuma duk wanda ya yi zai ji bakina. Kwana biyu ta yi a cikin rumbun dawa, murfi a kanta. Lukman ne ya saka ta ranar da 'yan bindiga suka shiga Bobi, shi ya rufe, ya ce kada ta fito sai ya dawo. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, 11 ga Afrilu, 10:40 na safe

Benjamin ya zo da wani ɗan ƙaramin majigi, bai fi sabulun wanki ba. Inna na waje a tabarma, muka gwada da bidiyon ƙwallo. Wallahi kamar an watsa wa bango ruwan shayi. Ni mai ido biyu ban ga ƙwallon ba.

Na nuna masa kwalin, na ce ba ga shi an rubuta dubu tara ba? Ya ce abin da ake auna hasken majigi da shi sunansa lumen, kuma akwai lumen na kwali, akwai na gaskiya. Wannan na gaskiyarsa bai kai ɗari uku ba. Ɗaki irin na Inna sai dubu uku zuwa sama. Na ce to don me ka ɗauko shi? Ya ce don in gani da idona, kada gobe wani a kasuwa ya yaudare ni da kwali. Na ji haushi, amma gaskiyarsa.

Ya auna ɗakin da tef, ƙafa goma da ƙafa sha ɗaya. Ya ce ɗakin ya yi kaɗan, majigi na son tazara kafin hoto ya girma, sai dai a ajiye shi can bakin ƙofa. Bangon kuma shuɗin fenti ne mai sheƙi, ba zai yi ba, sai an rataya wani abu.

Bai tambayi bidiyon ba. Ni ma ban nuna masa ba.

Litinin, 13 ga Afrilu, 6:50 na safe

Mako takwas. Babu labari. Wayata ta yi ƙara, na zubar da koko, ashe mai neman ɗinki ce.

Talata, 14 ga Afrilu, 3:30 na yamma

Benjamin ya ce a duk garin nan majigi ɗaya ya sani da zai iya da rana, na cocinsu, wanda suke haska waƙoƙi da shi ranar Lahadi tagogi a buɗe. Lumen dubu uku da ɗari shida, na gaskiya. Amma ba shi da ikon fitar da shi, sai dattawa sun zauna, su kuma sai ƙarshen wata suke zama. Na ce ƙarshen wata? Ido ne fa, Benjamin, ba buhun masara ba da za a ajiye! Ya ce zai roƙa. Kafin nan akwai wani matsakaici a wurin abokinsa, mu gwada gobe, in nemo farin yadi mai kauri, irin wanda suke ratayawa a coci.

Na shiga kasuwa na yanko yadi biyar. Mai yadin ya naɗe shi a hankali, ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Na ce amin, tunda kowa haka yake ce mana yanzu. Har da 'yar kwalbar turare ya jefa min a leda, na ce kai, yau an yi min gyara.

Laraba, 15 ga Afrilu, 5:00 na yamma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Salihatu, shekara ashirin ina yanka yadi, ni ce na yi wannan.

Muka buga ƙusa muka rataya shi da hantsi. Benjamin ya fita jawo waya daga sola, ni na shiga kicin. Ban ji shigar Inna ba. Da na dawo na same ta tsaye a gaban bangon. Idon nan da ba ya ganin cokali ya ga fari ƙato a ɗakinta. Ta shafa shi. Ta kai hancinta, turaren nan ya ɗan tsiyaya a leda ya kama yadin. Sai na ga ta fara auna shi da hannu, kamu ɗaya, kamu biyu, kamu uku. Sai a lokacin na gane abin da mai yadi ya ɗauka na saya.

Ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ce, "Yaushe aka kawo shi?"

Na ce, "Inna, ba abin da kike zato ba ne."

Ta ce, "An yi masa wanka? Ku bar ni in taɓa shi kafin a sa masa."

Sannan ta fasa ihu. Tun ranar da aka fito da ita ban ji ta ɗaga murya ba sai yau. Kafin in fizge yadin daga bango mata sun cika tsakar gida da mayafai, ana salati, wata har ta aika a gaya wa liman. Ni ce na tsaya a ƙofa ina cewa ba a mutu ba, ba a mutu ba, majigi ne. Kuma ina faɗa ina jin cewa ni ma ban sani ba.

Benjamin na tsaye da waya a hannu yana ba da haƙuri, wai shi ya ce fari. Na ce masa shi bai san likkafaninmu ba, ni na sani.

Alhamis, 16 ga Afrilu, 12:00 na rana

Ba ta ci ba. Na rantse mata da Alƙur'ani a hannuna cewa ba a kawo kowa ba, ba a kira ba, ba mu ɓoye komai ba. Ta ce, "To me ya kawo shi ɗakina?" Dole na faɗa mata komai, da bidiyon Fure, da majigin. Ta juya fuska bango ta ce ba ta so.

Juma'a, 17 ga Afrilu, 2:45 na rana

Ba ta so. Ta sha kunu rabin kofi.

Yadin na cikin leda a bayan keken ɗinki. Na kasa yar da shi, na kasa ɗinka komai da shi, na kasa bayarwa. Duk wanda na ba, me zan ce masa?

Lahadi, 19 ga Afrilu, 9:00 na safe

Na share shago sau biyu. Na warware ɗinkin da babu abin da ya same shi na sake. Babu labari.

Talata, 21 ga Afrilu, 11:30 na safe

Ina taje mata kai a gindin mangwaro, sai ta ce tana yarinya an taɓa kawo majigi garinsu a mota, aka nuna yadda ake feshin auduga, su kuma suka zagaya bayan allon suna neman mutanen. Ta yi 'yar dariya. Na ci gaba da tsefewa.

Can ta ce, "A naki majigin, yana magana?"

Na ce yana yi.

Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce sai ta gani.

Ta ce, "Kada ki sake kawo min fari."

Na bar kan rabi a tsefe na kira Benjamin.

Laraba, 22 ga Afrilu, 4:10 na yamma

Ashe farin ma kuskure ne tun farko! Benjamin ya tambayi wani da ya fi shi sani, aka ce masa a ɗaki mai haske fari na kwasar hasken taga ya wanke hoton, ruwan toka ake so, marar sheƙi, shi ke riƙe baƙin hoto. Na ce da ka tambaya tun makon jiya fa? Daga baya na ji kunya, na zuba masa abinci.

Ruwan toka kuwa ina da shi har bandir, yadin wandon 'yan sakandare. Na yanka, na haɗa biyu, ɗinkin ya faɗo a gefe don kada ya ratsa fuskar. Kafinta ya buga min firam, muka ja shi ya yi tsam. Sau uku na goge shi. Kafin a rataya na kai wa Inna ta shafa, ta shinshina, ta ce, "Wannan wandon makaranta ne." Na ce shi ne.

Mun gwada matsakaicin majigin a kai. Ya fi, ana gane mutum. Amma ni ke ganewa, ba ita ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu, 10:00 na safe

Na ɗaga mata yatsu uku a nesan da ta gani makon jiya. Ta ce biyu. Na matso. Ta ce, "Ke, daina gwada ni."

Dattawan coci sai jibi. Jibi! Na ce wa Benjamin ko in je da kaina in durƙusa musu? Ya ce in bari, ya riga ya bi su gida gida.

Babu labari.

Lahadi, 26 ga Afrilu, 3:20 na yamma

Sun yarda. Litinin zuwa Asabar. Wani tsoho a cikinsu ya ce Lukman ne ya gyara masa wutar gidansa bara, a gaida Inna.

Allah ya kai mu gobe da idon nan.

Litinin, 27 ga Afrilu, 1:00 na rana

Wannan kam zan rubuta.

Ƙarfe goma Benjamin ya kafa shi a kan kujera a bakin ƙofa. Ƙato ne, fankarsa na huci. Na ba shi wayar. Ya ja hoton ya girma, ya tsayar daidai inda fuskar ta cika, sannan ya juya baya yana kallon tsakar gida. Fuskar Lukman daga ƙasa har kusan rufi, a kan yadin wando. Na gan shi sarai, har tabon da ke haɓarsa.

Na zaunar da Inna a tsakiyar ɗaki. Ta daɗe tana juya kai, tana neman inda idon zai kama. Ta ce, "Akwai mutum." Ta miƙe ta nufi bangon da hannu a gaba, sai inuwarta ta rufe shi. Ta ce, "Ya tafi!" Na ce inuwarki ce, Inna, dawo baya. Na dawo da ita.

Ta ce, "Na ga baki. Ban ga idon ba."

Na ce wa Benjamin ya ƙara. Ya ce iyakarsa ke nan, babu sauran abin murɗawa. Rana ta riga ta shigo ta tagar gabas ta kwanta a tabarma. Na tsaya ina kallon tagogin nan uku, mako uku ina yaƙi da su, na ji kamar in fasa ihu.

Fankar majigin na ta huci.

Sai Inna ta ce, "Ke. Rufe tagar."

Ban motsa ba. Na zaci ban ji daidai ba.

Ta ce, "Duka ukun. Da ƙofar."

Na ce, "Inna, za ki iya?"

Ta ce, "Rufe kafin in fasa."

Benjamin ya matso da kujerar ciki, ya ɗauke dutsen. Na ja ƙarfen taga ta farko, ta biyu. A ta uku na ji numfashinta ya canza, sama sama. Na rufe, na zo na durƙusa kusa da ita, ta damƙe wuyan hannuna, ga shaidar farcenta nan har yanzu. Jikinta duk rawa yake. Ɗakin ya yi duhu, fuskar kuwa ta fito kamar shi ne ya leƙo ta taga.

Na ji rawar jikin ta tsaya.

Ta ce, "Bai aske kan nan ba. Na ce masa ya aske."

Benjamin ya saki bidiyon da murya. Lukman ya ce, "Inna, zo ki ga abin da surukarki take min!" Ya yi dariyarsa.

Ta ce, "Na'am. Na gani." Ta saki hannuna, ta gyara zama, ta yi magana da shi yadda take yi in ya dawo daga aiki. Ta ce, "Auta, ka ce kada in fito sai ka dawo. Ban fito ba. Fito da ni aka yi."

Mako goma tana ɗauke da wannan, ni ina gefenta kullum, ban sani ba.

Benjamin ya buɗe ƙofa kaɗan ya fita. Ina jinsa a bayan ɗaki.

Ta ce a sake. Sau tara muka sake.

Asabar, 2 ga Mayu, 5:30 na yamma

An mayar da majigi. Kullum da hantsi ta kalla, kwana shida, tagogi a rufe. Da an gama ta ce a buɗe, in buɗe.

Talata, 5 ga Mayu, 9:40 na safe

Babu labari.

Na fito da ita gindin mangwaro. Rana na kan fuskarta sosai, ta tambaye ni ko hadari ne ya haɗu, gari ya yi duhu haka. Na ce eh. Sannan na ce a'a, Inna, babu hadari. Ta ce, "To."

Na ce ko in kunna mata muryar a waya? Ko in koma in roƙi dattawan nan su ƙara mana mako ɗaya?

Ta ce in bar bayin Allah da kayansu. Ta lalubo hannuna, ta shafa inda farcenta ya ji min. Ta ce, "Fuskar na nan yanzu. Tasa ce, ba ta babanku ba. Je ki yi ɗinkinki."